Mahal ɗin burost (shagon soyayyar kaza) a unguwar Shauƙiyya ko a Waliyyul Ahad a Makka? A ba ni shawara kafin mu sa hannu

Abu Anas, Makka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa harkar abinci a ƙasar nan ta Saudiyya da hannunsu, ba masu ji a bakin wani ba. Shekara ta 11 kenan ina aiki a bufiya wato ƙaramin shagon abinci, daga wanke-wanke na fara har ya zama ni nake riƙe da kicin da sayen kaya, toh yanzu ɗan kawuna, shi ɗan ƙasa ne a nan aka haifi babansa ma, an biya su diyyar gidansu da aka rushe ya samu rabonsa, yace yana so ya buɗe mahal na abinci ni kuma in dawo kafalarsa, wato takardun zamana su koma ƙarƙashin sunansa, in riƙe masa aikin tunda ni na san kan abin. Burost yake so da shawarma da ɗan sandwici irin wanda ake ci a tsaye.

Mun ga shago biyu. Na farko a Shauƙiyya, bakin titi sosai, haya riyal 70,000 a shekara ban da kuɗin naƙal ƙadam, wato kuɗin da mai fita yake nema kafin ya bar mana shagon, amma wallahi kafin ka yi tafiyar minti uku ka wuce masu abinci sun fi biyar, biyu a cikinsu manyan kamfanoni ne da kowa ya sani. Na biyu can Waliyyul Ahad inda mutanenmu da yawa suka koma bayan rusau, haya ba ta kai rabin wancan ba, kuma na zaga da ƙafata ban ga mai burost ko ɗaya kusa ba, sai bakala wato shagon kayan masarufi, da mai burodin tamis guda ɗaya.

Ni hankalina ya fi kwanciya da na biyun, inda ba kowa ai kai ne sarki. Shi kuma ya kafe a kan Shauƙiyya wai nan kuɗi suke. Har mun fara jin haushin juna a kan maganar. Shin yawan masu gasa alama ce ta ka gudu ko alama ce ta akwai kasuwa? Kuɗin gado da diyya ne fa, idan suka narke ba na son a ce ni na ba da shawara.

Baba Misfalawi

Wa alaikumus salam. Ɗana Abu Anas, kafin ma mu je ga maganar wuri, ni abin da za ku sayar ɗin ne ya tsaya min a rai. Burost a Makka? Na yi shi, shekara huɗu, daga 2016 zuwa 2020, kuma har yau akwai injin suya guda ɗaya a sitona yana tsatsa, duk mai so ya zo ya ɗauka da rabin kuɗi.

Ka ga duk yaron da ya tashi tsakanin Makka da Jidda, bakinsa da aljihunsa Albaik, babban kamfanin burost, ne ya rene su. Tun 1974 marigayi Shakur Abu Gazala ya fara a Jidda, ka lissafa shekara nawa kenan. Su suka koya wa mutane yadda burost ya kamata ya yi ɗanɗano, kuma su suka kafa masa farashi a kan mutane. Yanzu kai ka zo da naka, idan ka sa kuɗi sama da nasu zabun wato mai saye yace don me, kai waye? Idan ka sa daidai da nasu toh kai da riba sai dai hange, domin su a tirela ake kawo masu kaza kai kuma katan goma kake saye, mai da fulawa da kwali duk haka. Al Tazaj da aka fara nan Makka a 1989 ai na gidan Faƙih ne masu gonakin kaji, kazarsu daga gonarsu take fitowa. Herfy na Riyad suna da gidan burodinsu da masana'antar namansu. Kai kuma kullum asuba kana kasuwar Ka'akiyya kana cinikin buhun dankali da albasa, farashin yau daban na gobe daban. Ruwa ba sa'an kwando ba ne ɗana.

Ni shekara biyun farko alhamdulillah muna ci muna biyan ma'aikata, har na fara tunanin reshe na biyu. Sai wani babban kamfani, ba sai na kira suna ba, ya buɗe reshe a kan layinmu, wata uku suna rangwame, sayi ɗaya a ba ka ɗaya, ga hasken wuta ga wurin ajiye mota ga wurin wasan yara. Su asarar wata uku a reshe ɗaya ko a jikinsu, sauran rassa za su cike, ni kuwa asarar wata uku ita ce jarina gaba ɗaya. Na rage farashi don in riƙe mutane, wannan shi ne babban kuskuren da na yi, da na rage sai dole na rage girman kaza, da na rage girman kaza sai tsofaffin zabun ɗina ma suka gudu. Ga dariba wato harajin VAT ta shigo a 2018 kashi 5, ana cikin haka korona ta zo aka tsayar da umra aka rufe Makka dare da rana, a watan Yulin 2020 dariba ta koma kashi 15. Nan na liƙa takardar "lit-taƙbil" a ƙofa, wato ana neman mai karɓar shagon, na haƙura.

In dai tsakanin wurare biyun ne ni ina bayanka, gara inda ba giwaye. Amma burost ɗin ne ban yarda da shi ba ko a ina ne.

Ɗan Jarwal

Hhhh Baba wato injin ma talla aka yi masa a cikin nasiha 😂 Amma gaskiya ne wlh, ni ko yanzu idan aka ce burost ƙafata da kanta take sanin inda za ta. Ku tuna fa shekara sama da 40 Albaik bai shiga Riyad ba, mutane suna cika but ɗin mota da shi daga Jidda su je can su sayar a bakin titi ya huce ma amma ana rububi. Wanda ake sayen kayansa a sanyaye bayan tafiyar kilomita kusan dubu, da shi za ku kara? Allah ya ba da sa'a ya shaikh.

Abu Rayyan, Jidda

Slm. Baba a gafarce ni, a kan burost na yarda da kai ɗari bisa ɗari, amma a kan wuri ina ganin ɗan kawun nasa ya fi kusa da gaskiya, ko da shi kansa bai san dalili ba. Aikina lissafi ne, ina riƙe wa ƙananan gidajen abinci littattafansu a nan Jidda, na ga masu buɗewa na ga masu rufewa.

Abu Anas ka tambayi kanka, me ya sa manyan kamfanoni biyu suka zaɓi wannan layin na Shauƙiyya? Waɗannan ba sa kama haya da ka, sai sun ƙirga motoci sun duba yawan gidaje da makarantu da kuɗin da ke hannun mutanen unguwa. Yani sun riga sun yi maka binciken kyauta. Shi ya sa duk inda ka ga McDonald's waiga kaɗan za ka ga Burger King ko KFC ko gidan abincin Kudu, ba don suna ƙaunar juna ba. Mai jin yunwa da ya fito da iyalinsa bayan isha'i ba wani shago ɗaya yake nufa ba, layin abinci yake nufa, idan ya isa sai yara su fara gardama wannan yace kaza wannan yace piza, kai kuma kana tsaye a tsakiya kana tsintar wanda ya faɗo. Sharaɗin kawai kada ka sayar da abin da na kusa da kai ya fi ka iyawa kuma ya fi ka arha.

Wurin da ba kowa kuma, ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila gidajen ba su cika ba tukuna, wataƙila mutanen masu dafawa a gida ne saboda haya ta cinye albashi. Kuma ko da akwai kasuwa, ranar da ka tabbatar da ita kai ne ka zama ɗan binciken kyauta na wani, yana ganin layi a ƙofarka shekara ba za ta zagayo ba ya kama shagon da ke kallonka da jarin da ya ninka naka. Abin da ya faru da Baba kenan ai.

Wani abu kuma da mutane suke mantawa, yanzu babu unguwar da ba kowa. Abokin gasarka yana cikin wayar zabun. Manhajojin odar abinci irin su HungerStation, Jahez, ga Keeta na 'yan Chana da suka shigo a 2024 da rangwame kamar ba gobe. Mutum yana kwance a Waliyyul Ahad zai danna, mandub wato ɗan aike ya kawo masa daga duk inda yake so, toh nisan da kake ganin shi ne katangarka ya rushe. Idan kai ma ka shiga manhajar, kowace oda sai an yanki kaso mai tsoka, kuma sunanka yana can ƙasan allo sai ka biya kuɗin talla ko ka yi rangwame kafin a gan ka. Akwai wani da nake yi wa lissafi, ciniki ya ƙaru sosai bayan ya shiga, murna yake, da muka zauna ƙarshen wata muka cire kaso da rangwame da kwali sai ga shi kusan aikin banza yake wa mutane.

Sai takardu. Sijil tijari wato rijistar kasuwanci, ruksar baladiya wato lasisin hukumar gari da ake nema ta manhajar Balady, sharuɗɗan difa'ul madani wato 'yan kwana-kwana, shahada sihhiyya wato takardar shaidar lafiya ga duk wanda zai taɓa abinci, rubuta adadin kalori a jerin abinci tun 2019, fatura (rasiti) ta na'ura tun ƙarshen 2021, ga kuɗin maktab amal wato ofishin ƙwadago na kowane ma'aikaci baƙo riyal 700 zuwa 800 a wata, duk da akwai sassaucin da ake yi wa ƙaramin mahal idan mai shi ya zauna a kansa bai da wani aiki, wannan ku je ku tambaya da kanku. Babban kamfani yana da ofis guda da ba ya komai sai waɗannan, ku kuwa kai ne mai suya kai ne mai bin layi. Kada ku buɗe sai kuna da kuɗin haya da albashin wata shida a ajiye wanda ba za a taɓa ba wajen gyaran shago da allon suna.

Abu biyu za ka yi kafin sa hannu. Ka je ka zauna a mota gaban kowane shago daren Alhamis da daren Litinin daga magariba zuwa ƙarfe ɗaya, ka ƙirga masu wucewa da masu tsayawa. Sannan ka tambayi mai bakala na kusa, ba dillali ba, sau nawa shagon nan na Shauƙiyya ya canza hannu.

Ummu Salma (mai masa)

Salamu alaikum. Ni dai mace ce ban san lissafin su Abu Rayyan ba amma shekara 19 ina sayar da abinci daga gida, masa da funkaso da dambu da kunun gyaɗa, yanzu 'yata ta yi mana rijistar usar muntija wato ta masu sana'a a gida, oda ta WhatsApp take zuwa. Yayana Abu Anas abin da ya ba ni mamaki, Bahaushe ne kai, a Makka kake, kana neman abin da manya ba sa sayarwa, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci tsire ba? Sire ɗin nan da Larabawan Hijaz suke mutuwa a kansa namu ne fa, sunan ma namu ne suka ɗan lanƙwasa. Ka je wajen Shara Mansur da Hosh Bakar a nan Makka da daddare ka ga irin motocin da suke tsayawa, samari har daga wasu garuruwa suna ɗauka a Snapchat da TikTok suna ci hawaye na zuba saboda yaji suna cewa a ƙaro.

Abin da yake hana da yawansu kawo matansu da yaransu tsoron tsafta ne kawai, suna so amma suna ganin tire a waje da hayaƙi da ƙura. Wanda duk ya kawo sire cikin shago mai gilashi da esi, ma'aikata da safar hannu, ruksa a rataye a bango, ga mada ana biya da kati, wallahi ya samu kasuwa biyu, namu da nasu. Bufiya ta 'yan Indiya ce, bukhari da tamis na Afganawa, mutabbaƙ na Yamalawa, shawarma Turkawa da 'yan Sham sun riƙe, kowa da abin gidansu ya shigo kasuwar nan, mu ne kawai muke jin kunyar namu muna son mu soya kazar wasu.

Amma in gaya maka gaskiya kada ka dogara da mutanenmu kaɗai. Mu akwai son bashi, "rubuta zan kawo" har littafi ya cika, kuma ɗan uwa in ya zo sai ya nemi ƙari don ya san babarka. Mausim kuma kada ya ruɗe ka, lokacin aikin hajji da azumi alhazan Najeriya da Nijar suna neman tuwo da nama kamar me, wata biyu kana jin kai ne Ƙaruna, daga Muharram sai ka ji tsit. Mutanen gari su ne abincin shekara.

Ɗan Mai Wurno

Salam ya jama'a. Ni Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno kusa da Sinnar, yanzu ina Jidda. Hajiya maganarki zuma, amma bari in ƙara gishiri kaɗan don mu mun riga ku ganin ƙarshen wannan fim ɗin. Abin da kuke ce wa sire mu agashe muke ce masa, kuma duk Sudan an san na Hausawa ne. Da can kakanninmu ne kawai suke yi a bakin kasuwa da tire da fitila. Da abin ya karɓu a Khartum da Omdurman sai masu kuɗi waɗanda ba Hausawa ba suka buɗe manyan wurare da kujeru da allo mai wuta, agashen kaza, agashen kifi, suka ɗauki yaranmu aiki a bakin wuta, suna na wani riba ta wani hayaƙi namu. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 kuma 'yan Sudan da yawa sun fito da sana'arsu, ka zaga Jidda da Riyad ka ga gidajen abincin Sudan, kusan kowanne da agashe a jerinsa. Toh filin ba fanko ba ne kamar yadda ake zato.

Ka ga bambancin, burost wuyar shiga gare shi saboda manya sun tare ƙofa, tsire kuma sauƙin shigarsa shi ne ciwonsa, gawayi da tsinke da nama kowa zai iya. Ranar da aka ga layi a wurinka wata shida ya yi yawa wani zai buɗe, kuma yaron da ka koya wa shi za a fara saye da ƙarin riyal 300. Abin da ba a iya sata shi ne yaji in dai ba a shago ake haɗa shi ba. A daka ƙuli da kayan ƙamshi a gida, a kawo a rufe, ko mai gashi kada ya san awo. Su Albaik ɗin ai har yau haɗinsu sirri ne. Kuma ka sa dakwa wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa irin ta Sudan da lemon tsami da albasa a gefe, za ka ja 'yan Sudan ma.

Baba Misfalawi

Abu Rayyan na karɓi gyara, wataƙila ciwon da na ji ne yake sa ni gudun layin manya. Amma Abu Anas akwai abin da na manta, kuma ya fi duk waɗannan. Ka ce kuɗin ɗan kawunka ne, toh ya tabbata nasa ne kuma shi ne a kan mahal ɗin da gaske, asusun banki nasa, kuɗin ciniki su shiga can, kai albashinka a rubuce. Kada ya zama ya ba da suna ya koma gida yana karɓar wani abu a wata kai kana juya komai, wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, kai baƙo kuma a fitar da kai. Kuma maƙwabcin da ka ɗauke wa zabun shi ne zai fara kai rahoto. Idan akwai wani ihsani da zai riƙa yi maka in an samu riba, a rubuta shi cikin kwantiragin aiki tun yanzu da shaidu, zumunci daban kasuwa daban.

Abu Anas, Makka

Allah ya saka da alheri baki ɗaya, wallahi ban zaci zan samu haka ba. Baba in sha Allah shi zai zauna, ya ma ajiye aikin da yake yi na kamfanin tsaro saboda wannan.

Jiya na je na tambayi mai bakalan kamar yadda Abu Rayyan yace, ashe shagon Shauƙiyya hannu uku ya canza cikin shekara huɗu, biyu burost ɗaya baga. Na karanta wa ɗan kawuna duk abin da kuka rubuta, da aka zo kan maganar Hajiya ya yi shiru can yace shi fa yana jin nauyin abokansa su ce ya ci diyya ya buɗe wurin sire. Nace masa toh su abokan su biya haya. Yanzu dai ya sauko rabi, wai a yi sire da kaza gasassa a kan gawayi a bar burost, amma shawarma tana nan ba ya tattaunawa a kanta. Wurin kuma har yanzu Shauƙiyya yake so, ni ma na fara karkata, sai dai mu matsa wa mai fita ya rage naƙal ƙadam tunda mun san shi ma gudu yake. Alhamis za mu je ƙirgar motoci.

Ɗan Mai Wurno, gashin gawayi a cikin shago yaya kuke yi da bututun hayaƙi, saman ginin gidajen mutane ne hawa uku. Ummu Salma kuma in ba damuwa ko a gidanku ana daka yajin tsire na sayarwa, ko kilo biyu ne mu fara gwadawa a kan 'yan gida kafin a kai ga zabun?

Ummu Salma (mai masa)

Ana dakawa yayana, amma sai bayan Juma'a don akwai odar biki a hannuna. Ka turo matarka ta zo ta ɗanɗana da kanta, kala biyu ne, akwai na Larabawa mai sauƙi akwai namu.